Ƙurar Faransa da Akwatin Fartanya: Me Ya Sauka a Birnin Kudu a 1960?

Ranar Alhamis, 5 ga Janairun 1961, gwamnatin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ba jakadan Faransa a Legas, Raymond Offroy, wa'adin sa'o'i 48 ya tattara nasa ya nasa ya bar Najeriya. Aka hana jiragen ruwan Faransa tsayawa a tashoshinmu, aka hana na samanta sauka. Laifin kuwa shi ne bam ɗin nukiliya na uku da Faransa ta tayar a hamadar Aljeriya kwana tara kafin nan. Ƙasashen Afirka da dama sun yi tir da gwaje-gwajen, Kwame Nkrumah ma ya riƙe kadarorin Faransa a Gana tun bayan na farko, amma Najeriya kaɗai ta kai ga yanke hulɗar jakadanci a kan wannan batu. Wata uku ke nan da samun 'yancin kanta.

Abin da ke ɗaure kai shi ne wanda ya yi wannan aiki. Ɓalewa mutum ne mai auna magana kafin ya furta ta, kuma jam'iyyarsa ta NPC ita ake yi wa gorin 'yar lelen Turawa. Ƙarfinta bai fito daga 'yan bokon Legas da Ibadan ba. Daga karkara ya fito, irin gundumomin ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta a lokacin, inda NPC ta kwashe kusan dukkan kujeru a zaɓen 12 ga Disambar 1959. An daɗe ana cewa manomin gyaɗa na wancan zamani ba ruwansa da abin da ke gudana a duniya, abin da hakimi ya nuna masa shi yake zaɓa. To, in haka ne, don wa Ɓalewa ya kori jakada? Sannan tsoron da ya cika ƙasa a lokacin, cewa hunturu zai ɗebo gubar bam ya juye a kan ƙasar Hausa, yana da tushe ko kuwa firgita ce kawai? Tambayoyin nan biyu a ɗaure suke da juna, in aka warware guda ɗayar ma sai ta saki.

Mu fara da zaɓen. A shekarar 1959 ɗin nan Ingila ma ta yi nata, ranar 8 ga Oktoba, tsakanin Harold Macmillan da Hugh Gaitskell. A can maganar bam magana ce ta cikin gida. Ingila ta mallaki nata tun 1952, dubban mutane na tattaki tsakanin Landan da Aldermaston, inda ake ƙera shi, suna neman a yi watsi da shi, jam'iyyar Leba kuma ta rabu biyu a kan batun. Hujjar masu bam ita ce kar ta san kar: in abokin gaba ya tabbata zai ƙone in ya ƙona ka, ba zai fara ba. Don haka abin da ake tambayar mai zaɓe a can shi ne, wane shugaba ka yarda a damƙa wa wannan makami? Shugaban Faransa, Janar de Gaulle, ma da wannan hujja ya kafe cewa sai Faransa ta samu nata, don kada ta dogara da alƙawarin Amurka.

Mai zaɓe a Gwaram ba wanda zai damƙa wa shugabansa bam. Shi rabonsa a wannan lissafi ƙura ce. Tambayar da ta dace da shi daban take: a cikin shugabannin nan, wa zai iya duban idon Bature ya ce masa a'a?

Kuma batun ya shigo siyasar Najeriya tun kafin a buga gangar zaɓe. Majalisar Wakilai ta yi muhawara a kansa, jaridun Legas suka yi ta kururuwa, ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suka yi zanga-zanga. A watan Satumbar 1959, saura wata uku zaɓe, Ɓalewa ya jagoranci tawagar ministoci zuwa Landan don su gaya wa Firaministan Ingila Macmillan damuwarsu, tunda a lokacin harkokin wajen Najeriya a hannun Ingila suke. Bai samo abin da ya je nema ba, domin Ingila ba ta da niyyar ɓata wa de Gaulle rai. Abin da ya dawo da shi shi ne alƙawarin masana da na'urori, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa da tashoshin awon iska a wasu garuruwan ƙasar nan. Ranar 20 ga Nuwamba, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi Faransa ta fasa, Ingila kuwa ba ta goyi bayansa ba. Firaminista ba ya barin yaƙin neman zaɓe ya tafi Landan a kan abin da bai dami kowa ba.

A kan manufar hulɗa da duniya, jam'iyyun sun bambanta a takarda. NPC ta ce za ta riƙe amana da Ingila da ƙasashen Yamma. Action Group ta Obafemi Awolowo, wadda daga baya ta zama mai zafin adawa da Turawa, a 1959 ta fi kowa fitowa fili cewa Najeriya ta jingina da Yamma. Ƙawancen NCNC da NEPU ne ya tsaya a kan 'yan ba-ruwanmu. Amma a kan bam ɗin Sahara babu wanda ya yarda a gan shi a gefen Faransa, kowa ƙoƙari yake ya nuna ya fi ɗan'uwansa jin zafin abin.

Shin wannan magana ta kai kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, ko tashar motar Birnin Kudu? Masu cewa ba ta kai ba sun manta da hanyoyin da labari ke bi a wancan zamani. Akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ake bugawa a Zariya tun 1939, wadda mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi goma suna saurare, ga azuzuwan yaƙi da jahilci sun ƙara yawan masu iya haɗa baƙi. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a watan Maris na 1957. Birnin Kudu na bakin titin da ya taso daga Kano ta Wudil ya nufi ƙasar Bauchi, direbobi da fatake na sauke labari kamar yadda suke sauke kaya, ga makarantar gwamnati da malamanta a garin tun kafin 'yancin kai. Akwai kuma mutanen da ba a cika tunawa da su ba a wannan magana, wato tsofaffin sojan Boma. Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙi da Japan a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma da yawansu suna can gabas lokacin da aka jefa bam a Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945. Sun dawo ƙauyukansu sun san cewa akwai bam guda da ke shafe birni. Shekara goma sha huɗu kacal ke nan a 1959, mutanen nan suna da ransu da ƙarfinsu, wasu ma su ne 'yan doka da masinjojin En'e.

Hanya ta ƙarshe ta fi sauran zafi. A Nijar, Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun ce a'a ga de Gaulle a ƙuri'ar raba gardama ta Satumbar 1958, Faransa ta yi musu taron dangi, aka kawar da gwamnatinsa, aka haramta jam'iyyar a 1959. Magoya bayanta da yawa suka tsallako iyaka, Kano ta zama ɗaya daga cikin mafakarsu, 'yan NEPU kuma suka karɓe su. Saboda haka ɗan NEPU na ƙasar Kano ba a jarida kaɗai ya san Faransa ba, ya ji labarinta daga bakin Bahaushe ɗan'uwansa da ta kora daga gida. Ga yaƙin Aljeriya yana ci tun 1954, Musulmi ne ake kashewa, kuma a ƙasarsu za a tayar da bam ɗin.

Sai dai sanin abu daban, zaɓe a kansa daban. A nan ne nake ganin dole a yi adalci ga mai ƙuri'a. Ku dubi yadda ranar take. Magidanci ya zo rumfar zaɓe da sassafe cikin sanyin Disamba, an duba sunansa, an miƙa masa takarda, ya shiga bayan shinge shi kaɗai. A gabansa akwatuna ne a jere, kowane ɗan takara da nasa: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, bishiyar kwakwa ta Action Group. An ce masa ƙuri'ar sirri ce, amma ya san wanda ke zaune a waje. Ya san dagacin da ke yanka masa haraji, ya san alƙalin da zai yi masa shari'ar gona, ya san ɗan NEPU na unguwarsu da aka ɗaure don ya yi lacca ba izini. Sarki Muhammadu Sanusi na kan gadon Kano, kuma jigo ne a NPC. A cikin wannan shinge abin da ke kan mutum shi ne haraji da jangali, kuɗin gyaɗa, rijiya, asibiti, da tsoron abin da zai biyo baya in aka ƙirga akwatin garinsu aka ga tauraro ya yi yawa. Abin da ya zo daga sama a wannan kakar, wanda kowa ya gani da idonsa, jirgin Awolowo ne mai saukar ungulu da jiragen da ke rubuta sunansa da hayaƙi. Mata kuwa, waɗanda su ne za su fi kowa tambayar abin da zai shiga nonon da suke ba 'ya'yansu, ba su da ƙuri'a a Arewa sam. Sai a ƙarshen shekarun 1970 suka samu.

Sakamako ya fito: a kujeru 312, NPC ta ɗauki 134 kafin 'yan indifenda su ƙara mata, NCNC da NEPU suka haɗa 89, takwas daga ciki na NEPU, har da kujerar Kano ta Gabas da Malam Aminu Kano ya ci, Action Group ta tashi da 73. Babu wata alama a cikin waɗannan alƙaluma da ke nuna bam ya sauya ƙuri'a. Ba zai ma iya ba, tunda duk jam'iyyun bakinsu ɗaya a kansa.

To ke nan ba akwatin 1959 ne ya kori jakada ba. Amsar tana cikin abin da ya faru a watanni goma sha uku da suka biyo baya.

Ranar Asabar, 13 ga Fabrairun 1960, da sanyin safiya, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a kan hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100 a Hamoudia, kudu da Reggane. Ƙarfinsa ya kai kimanin kilotan 70, ya ninka na Hiroshima sau huɗu. Na biyu ya biyo baya ranar 1 ga Afrilu. Duka biyun sun zo Najeriya na ƙarƙashin mulkin mallaka, abin da Ɓalewa ke iya yi bai wuce ƙorafi ba. Na uku, na 27 ga Disamba, shi ne na farko da ya tarar da Najeriya da tutarta, ko da yake ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na na farkon ba.

Ya kuma tarar da gwamnati cikin tsaka mai wuya. A watan Nuwamba majalisa ta amince da yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ta ba jiragen yaƙin Ingila damar ratsawa da yada zango. Ɗalibai, galibinsu daga Jami'ar Ibadan, suka yi wa majalisar dirar mikiya a Legas. Awolowo, wanda yanzu shi ne madugun adawa, ya juya ya riƙa sukar yarjejeniyar da ƙarfi. NCNC da NEPU da ke cikin gwamnati ma kansu ya rabu. Kalmar da ake jifan Ɓalewa da ita ita ce ɗan amshin shatan Turawa. A makon da aka kori Offroy, Nkrumah da Nasser da Sékou Touré da Modibo Keita suna zaune a Kasabalanka tare da Sarkin Maroko Muhammad na Biyar, suna kafa rukunin da ke kiran kansa masu kishin Afirka na gaskiya, Najeriya ba ta ciki. Ranar 11 ga Fabrairu kuma mutanen Arewacin Kamaru za su zaɓa tsakanin shiga Najeriya da shiga Jamhuriyar Kamaru mai jingine da Faransa. A watan Mayu ga zaɓen Majalisar Jihar Arewa.

A ganina, in aka jera waɗannan kwanaki, abin ya daina zama abin mamaki. Ɓalewa na bukatar ya nuna cewa yana iya cewa a'a, kuma Faransa ce Baturen da zai iya ce wa a'a ba tare da ya rusa gidansa ba. Ba Ingila ba ce da ke riƙe da hafsoshin sojansa da kasuwar gyaɗarsa. Ban faɗi wannan don in rage masa daraja ba. Ya yi ta gargaɗi tun 1959, an yi biris da shi, kuma shi ɗan Bauchi ne, ya san abin da hunturu ke ɗaukowa. Amma abin da ya sa matakin ya yiwu shi ne ya san babu wanda zai zarge shi a gida. Ɗan boko a Ibadan zai yi murna don kishin Afirka, ɗan NEPU don Sawaba da Aljeriya, Sardauna da sarakuna don Musulmin Magrib, manomi kuwa don gonarsa da rijiyarsa. Ra'ayin talakan Birnin Kudu bai fito ta akwati ba, amma yana cikin lissafin, domin shi ne ƙasan da shugaban ya taka ya tsaya.

An biya farashi. Nijar da Chadi da Dahomey, waɗanda kayansu ke bi ta tashoshin Najeriya, suka koka, cikin 'yan watanni aka ɗage haramcin jirage. Hulɗar jakadanci kuwa sai da aka yi kusan shekara biyar kafin ta dawo. Faransa ba ta fasa komai ba: ta yi gwaji na huɗu ranar 25 ga Afrilun 1961, sannan ta koma ƙarƙashin duwatsun In Ekker ta yi wasu 13 zuwa 1966. De Gaulle bai manta da cin fuskar ba, kuma masana tarihi da yawa na lissafa ta cikin dalilan da suka sa Faransa ta karkata ga Biyafara a 1968. Yarjejeniyar tsaro da Ingila kuwa an soke ta a Janairun 1962.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi damuna: ƙurar ta zo?

Jami'an Faransa da na Ingila sun yi ta kwantar da hankali a lokacin, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Daga Reggane zuwa Birnin Kudu kusan kilomita 2,000 ne. Ban da nisa, Reggane tana arewa maso yamma da mu, alhali hunturu daga arewa maso gabas yake busowa. Hazon da ke rufe Dutsen Habude da Dutsen Mesa a watan Janairu, ya bar farin gari a kan ruwan randa, ya fasa dugadugai, ya sa rana ta zama kamar faifan azurfa da tsakar rana, mafi yawansa daga kwarin Bodélé na Chadi yake tasowa, tsohon gindin babban tafkin da ya ƙafe. Binciken da Grant McTainsh ya yi a Kano a ƙarshen shekarun 1970 ya ƙarfafa cewa daga wajen Chadi ƙurar hunturunmu take. In da gubar bam a ƙasa take tafiya, da ba ta hanyarmu za ta bi ba.

Amma ba a ƙasa take tafiya ba. Gajimaren bam na tashi kilomita da yawa sama, inda iska ke da nata alƙibla. Shekara 53 Faransa na ɓoye taswirar da sojojinta suka zana ta inda gajimaren ya bi, sai a 2013 aka cire mata hatimin sirri saboda ƙarar da tsofaffin sojojin da suka yi aiki a wurin suka shigar, jaridar Le Parisien ta buga ta a Fabrairun 2014. Taswirar ta nuna gajimaren ya keta hamada ya yi kudu maso gabas, ya kai Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, har Bangui. Daga nan ya juya yamma, a kwana na huɗu ya isa Bamako, a kwana na 13 yana gaɓar Sifen da Sisili. Duk wanda ya ɗauki taswira ya ja layi daga Njamena zuwa Bamako zai ga ya ratsa ta kan ƙasar Kano. Wato gubar ta fara zuwa ƙofar da hunturu ke fitowa, sannan ta biyo shi. Waɗanda suka ji tsoro a 1959 sun yi kuskuren hanya, amma ba su yi kuskuren masauƙi ba.

Ganowa ma ba ta yi wuya ba. Daga ƙarshen 1958 zuwa Satumbar 1961 Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet sun dakatar da gwaje-gwajensu, don haka duk sabon burbushin da ya maƙale a matatar na'urar awo a Fabrairun 1960 na Faransa ne. Masana a Jami'ar Gana sun auna shi a Akara, tashoshin Najeriya ma sun ga ƙaruwa, hukumomi suka ce bai kai yawan da zai cutar ba.

Nawa ne ya shiga jikin mutane? A nan lokacin shekara ya yi mana rana. Abin da ya fi hatsari ga wanda ke nesa da wurin gwaji shi ne sinadarin ayodin mai lamba 131. Yana sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, ya shiga nono, yaro ya sha, ya taru a maƙoshinsa. Rabin ƙarfinsa na tafiya a kwana takwas, bayan wata uku kusan babu shi. Ruwan sama ne ke wanko irin wannan burbushi daga sama ya zuba shi ƙasa da yawa. A tsakiyar Fabrairu kuwa babu ruwa a ƙasar Kano, babu ɗanyar ciyawa sai a fadama, gero da dawa suna rumbu, gyaɗa ta riga ta shiga buhu. Da a watan Agusta aka tayar da bam mai wannan girma, da lissafin ya sha bamban. Wannan sa'a ce ta yanayi, ba wanda ya tsara ta don mu.

Akwai kuma abubuwan da bai kamata a ɗora wa bam ba. Da girgizar ƙasa ta rusa Agadir a Maroko ranar 29 ga Fabrairun 1960, mutane da yawa sun ce gwajin ne ya jawo, alhali ba shi ba ne. Haka sanƙarau, wanda ke zuwa da hazo da zafin bazara: an rubuta annobarsa a Arewacin Najeriya tun 1905, an kuma yi mummuna a 1949 da 1950, tun Faransa ba ta da bam. Ɗora kowace cuta a kan Reggane na raunana ƙorafin da ke da tushe.

Wani sabon bincike ya ƙara haske, ya kuma ƙara nauyi. A watan Maris na 2022 ƙurar Sahara ta rufe Yammacin Turai, aka yi ta cewa gubar Faransa ce ta dawo gida. Masana daga Jami'ar Paris-Saclay suka tattara samfur 110 daga ƙasashe shida, suka buga sakamakon a mujallar Science Advances a Janairun 2025. Kowane bam na barin irin nasa zanen yatsa a cikin gwargwadon nau'o'in fulutoniyam biyu, mai lamba 240 da mai lamba 239. Na gwaje-gwajen Faransa a Reggane bai kai 0.07 ba. Na ƙurar da aka tara ya kusa 0.18, wanda shi ne zanen gwaje-gwajen Amurka da Sobiyet. Ma'ana, burbushin da ke kwance a yashin hamada yau, mafi yawansa na manyan biyu ne, waɗanda suka yi kaso mafi tsoka na gwaje-gwaje sama da 500 da aka yi a sararin sama, har da bam ɗin Sobiyet mai megatan 50 na Oktoban 1961. Binciken bai wanke Faransa daga abin da ya faru a 1960 ba, domin kan ƙurar da ta nufi arewa bayan shekara sittin ya yi magana. Abin da ya nuna shi ne, mun kori jakadan wanda muka gani, alhali kar ta san kar ɗin da ake yi tsakanin Washington da Mosko na zuba mana nata rabon shekara da shekaru ba mu sani ba.

In muka koma tarihinmu, a shekarun 1970 maganar bam ta sake dawowa, wannan karon da wata fuska. A 1976 gwamnatin soja ta kafa hukumar makamashin nukiliya. Ranar 22 ga Satumbar 1979 wani tauraron ɗan'adam na Amurka ya hango walƙiya a kan teku, kudu da nahiyar Afirka, aka yi ta zargin gwajin bam ne da hannun gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu a ciki. A ƙarshen shekarar Farfesa Ali Mazrui ya yi amfani da laccocinsa na BBC ya ce ya kamata Najeriya ta mallaki nata. Ministan tsaro na Shagari, Farfesa Iya Abubakar, ya yi magana mai kama da haka a 1980, Bolaji Akinyemi ma ya maimaita a 1987 yana ministan harkokin waje. Tsoron bai zama na banza ba, tunda a 1993 shugaban Afirka ta Kudu, de Klerk, ya amsa cewa ƙasarsa ta ƙera bam shida. Amma wannan muhawara ta tsaya a Legas da jami'o'i. A zaɓen 1979 mutanen Birnin Kudu, maza da mata a wannan karon, sun bi PRP ta Malam Aminu Kano, suka tura Sule Lamido Majalisar Wakilai, jihar kuma ta zaɓi Abubakar Rimi, wanda ya soke haraji da jangali. Abin da mai zaɓe ya kasa faɗa a bayan shinge a 1959 shi ya faɗa bayan shekara ashirin, kuma kan haraji ne da mutunci, ba kan mallakar bam ba. Ban ga laifinsu ba. Ƙasar da ta ɗanɗani zama ƙarƙashin gajimaren wani ba ta da dalilin sha'awar ɗora nata a kan maƙwabci.

Hanyar da Najeriya ta bi a aikace ita ce ta ƙin makamin. Ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwarsa a 1968, da ta Pelindaba da ta haramta shi a Afirka a 1996. Ta sa hannu a yarjejeniyar haramta duk wani gwajin nukiliya a Satumbar 2000, ta tabbatar da ita a Satumbar 2001, a lokacin ministan harkokin wajenta shi ne Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, wanda yake da shekara goma sha ɗaya lokacin da gajimaren Reggane ya ratsa. A 2020 kuma ta tabbatar da yarjejeniyar haramta makamin baki ɗaya.

Abin da ya rage shi ne awo. Dokar diyya da Faransa ta yi a 2010 ta taƙaita ne ga waɗanda suka zauna a wasu yankuna da ta shata a kusa da wuraren gwajin a Sahara da kuma Folinisiya, ko 'yan Aljeriya da suka amfana ba su taka kara sun karya ba, balle mutumin Kano ko Damagaram. Na'urorin 1960 iska suka auna a manyan garuruwa, ba ƙasar ƙauye ba. Amma shaidar ba ta ɓace ba. Siziyam mai lamba 137 na rasa rabin ƙarfinsa a shekara 30, saboda haka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya sauka yana nan. Fulutoniyam 239 kuwa sai ya yi shekara 24,000 kafin ya ragu da rabi. Laka da ke kwance a gindin tsofaffin tafkunan Gwaram, da ƙasar da garma ba ta taɓa shiga ba a tsakanin duwatsun Birnin Kudu, suna riƙe da abin da ya sauka shekara bayan shekara. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, tana da na'urorin da ke gane siziyam. Awon fulutoniyam, wanda shi zai raba na Faransa da na Amurka da Sobiyet, zai bukaci haɗin gwiwa da ɗakin gwaji na waje, irin wanda ya yi aikin 2022. Aiki ne da ɗaliban digiri na uku biyu ko uku daga Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Bayero za su iya ɗauka, in gwamnatin Jigawa ta biya kuɗin haƙo samfur da aika shi.